Hararar Yaya

"Ni kike harara?"

Inna ce ta faɗa, hannunta a miƙe tana jiran kofin ruwa. Yaya na durƙushe gabanta, amma fuskarta ta karkata wajen bango, da wutsiyar ido take duban tsohuwar. Ta miƙa kofin, ya wuce hannun Inna, ruwa ya zube a tabarma.

"Ba harara ba ce, Inna."

"To mene ne? Tunda kika fara aikin kamfani kike kallona a kaikaice, kamar na ci miki wani abu. Auta, kai shaida ne."

Auta na zaune bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. Ya ɗaga kai ya dubi yayarsa. Ya ga ta kai hannu tana laluben kofin, alhali yana nan gabanta sak, sai da ta juya kai gefe sannan ta same shi. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin da ya riga ya ɗaure, ya sake ɗaurewa.

* * *

Shi ya samo mata aikin. Bayan rasuwar mahaifinsu, da keken ɗinki Yaya ta riƙe gidan har ya gama karatu ya zama injiniya a kamfanin fitilu. Da bayanta ya fara ciwo, ya ce mata ta huta da keke, akwai aikin zama a wajensu, kallo ne kawai.

A da kamfanin dogayen ƙwan fitila yake yi, masu farin haske mai laushi. Da aka koma sababbin fitilun titi masu ƙananan ƙwayoyi kamar tsabar gero, Auta ne ya zana ɗan gilashin da ke zama kan kowace ƙwaya, ya tattara haskenta wuri guda ya harba shi nesa. Ya daɗe yana gogewa, yana aunawa, yana sake lanƙwasa shi, har fitila ɗaya ta yi aikin biyu. Ranar da aka fara kunna ta, har tafi aka yi masa.

Aikin Yaya a teburin gwaji yake. A ajiye mata fitila tun ba a sa mata murfinta mai hazo da ke rage ƙarfin haske ba, ta taka maɓalli, ta duba tsakiyar hasken ta gano ƙwayar da ta mutu ko ta yi rauni. Ta ture, a kawo wata. Haka daga safe har a tashi.

Auta ya san ƙarfin hasken nan, da na'ura ya auna shi. Ya taɓa shiga ofishin manaja ya ce ya kamata masu gwaji su sa baƙin tabarau.

"Mun gwada," in ji manaja, bai ko ɗago ba. "In sun sa ba sa rarrabe mai rauni da mai lafiya, aiki sai ya tsaya. Injiniya, fitilarka kake so ta fita kasuwa ko kuwa mu ajiye ta?"

Ya fito ya ja ƙofa a hankali. Da ya biyo ta teburin gwaji, abin da ya iya cewa shi ne, "Yaya, ki riƙa yawan ƙifta ido."

Ta yi dariya. "Duk karatun nan da na yi maka ɗinki a kansa, ƙifta ido aka koya maka? Wuce, Oga, kana tare min layi."

* * *

Da ƙyar ta yarda suka je asibitin ido. Likita ya ɗiga mata magani, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya ce akwai tabo a can cikin idon, daidai inda mutum ke ganin abin da ya tsura wa ido. Gefe da gefe lafiya lau. Tsakiyar ce ta ƙone, kuma da wuya ta dawo.

Suka zauna a benci a waje. Motoci na wucewa, mai sayar da ruwa na ta kira.

"Ya kike gani?" ya tambaya, muryarsa can ƙasa.

"Kamar an manna min baƙin maɓallin riga a kan komai. In na dube ka, ina ganin kafaɗunka da kunnuwanka, kai ne dai babu." Ta juya fuska wajen titi. "Yauwa, ga ka nan yanzu. Kai, ka rame."

"Yaya, tun farko ni na..."

"Yi shiru. Ai tun ranar ƙifta ido na gane akwai magana a bakinka." Ta gyara mayafinta. "Abu ɗaya nake so. Kada Inna ta ji cewa fitilarka ce."

"Tana cewa kin raina ta fa."

"Bar ta ta ce. Ni na saba da faɗanta. In ta ji wannan, me ya rage mata da za ta nuna wa mutane?"

A hanya ya tsaya ya sayi baƙin tabarau, irin na masu walda. Shi kansa bai san wa ya saya wa ba. Kamfani kuwa ya riga ya sallami Yaya, wai matattun ƙwayoyi sun yi ta wucewa ta gabanta. Wata yarinya ce yanzu a kan kujerar, idanunta manya, tas da su. Da ya koma aiki ya miƙa wa yarinyar tabarau, ta sa, ta taka maɓalli sau biyu, sai ta cire ta mayar masa.

"Ba na ganin komai, Oga. Za a ce na faye sanyin aiki."

Ya karɓa ya sa a aljihu.

* * *

Ranar hutu maƙwabta mata suka shigo gaida Inna. Tsakar rana ce, amma sai da ta sa aka kunna fitilar da Auta ya ɗaura mata a tsakar gida.

"Ku duba, aikin Autana ne. Da kansa ya zana gilashin. Allura in ta faɗi a nan sai kin tsince ta."

Matan suka kare ido da hannu suna sa albarka. Yaya ta fito daga ɗaki ta tsaya jikin ginshiƙi. Ta ji dariya a muryar Inna, ta so ta ga fuskar, sai ta karkata kai wajen bango a hankali, har ta samo ta a gefen ido. Murmushi ya fara zuwa mata.

"Kun gani ko?" Inna ta rage murya, amma kowa ya ji. "Ko ɗaga ido ba za ta yi ta dubi abin ƙaninta ba. Baƙin ciki take yi da shi."

Auta ya buɗe baki. Yaya ta girgiza masa kai kaɗan, fuskarta na kallon bango. Ya mayar da bakinsa ya rufe, hannunsa cikin aljihu yana murza tabarau, har ya ji ƙafa ɗaya ta tabarau ɗin ta ɓalle.