Mataki na Bakwai

Shekara biyu muka yi a kan fim ɗin, ni da Yaya, a ɗakin da Mama take guga kafin ta rasu. Teburinmu tsohon gilashi ne da muka ɗora kan akwati, muka sa fitila a ƙarƙashi don zane ya riƙa bayyana ta cikin takarda. Minti huɗu ne kacal, ba magana a ciki: mace tana hawa bene da kwandon wanki. Mama ce.

Yaya ke zana manyan motsi, ƙafa a ƙasa, ƙafa a sama. Ni nake cike tsakani, takarda sha biyu kowace daƙiƙa. Ba wanda ke ganin mai cike tsakani, kuma ban damu ba, don ɗingishin Mama a hannuna yake. Tun da ta faɗi, ƙafarta ta hagu ba ta ƙara shiri da bene ba. A mataki na bakwai takan tsaya ta yi kamar tana gyara kwandon, don kada mu gane. Zane sha tara na ba wannan tsayuwar. Sau shida ina yagewa ina sakewa.

"Auta, kin fi Mama ɗingishi yanzu," in ji Yaya duk lokacin da ya kama ni ina kwaikwayon tafiyarta a gaban madubi. "Wa zai aure ki a haka?"

"Wanda ya iya zana hannu da yatsu biyar," nakan ce.

Ina son dariyarsa a ɗakin nan. Ita kaɗai ke hana ni jin shirun gidan.

Da wani kamfanin fina-finan zane ya ga guntun da muka tura, Yaya suka kira. Ya ce kala da kiɗa kawai za su ƙara. Da hannuna na jera takardun a kwalin takalmi na miƙa masa.

Bayan wata uku suka gayyace mu kallo a ƙaramin zaurensu, da la'asar. Aka kashe fitilu. Mama ta fito, kala ta yi mata kyau har idona ya ciko. Ta fara hawa, ina ƙirgawa a zuci. Biyar. Shida. Ta taka na bakwai ta wuce sumul, kamar 'yar shekara ashirin.

Aka yi tafi. Hannuwana suna kan cinyata, sun ƙi ɗaguwa.

Shugaban sashen, wanda ma'aikata ke kira Jan Biro, ya zo yana murmushi. "Ke ce ƙanwar? Kada ki damu, kowa da haka ya fara. Kwamfuta ta sake cike tsakanin duka. Yayanki ya ce wannan maƙalewar ta mataki na bakwai, hannunki ne bai nuna ba tukuna."

Na sami Yaya a baranda yana shan ruwa.

"Hannuna ne bai nuna ba?"

Ya kalli kofin. "Ranar suke duba ko za su ɗauke ni aiki, Auta. Mutumin ya riga ya zagaye wurin da ja, yana tambaya me ya sa take maƙalewa. Me kike so in ce?"

"Ka ce mahaifiyarka ce."

"Fim ne fa."

"Kai ne kake saukowa ka karɓi kwandon a wannan matakin, Yaya. Kullum. Ta ce maka ba nauyi, ka ce ai ka sani, motsa jiki kake so."

Sai ya ce, "Na sa an rubuta sunanki a ƙarshe."

"Na gani. A cikin waɗanda aka gode wa, bayan direba. Ina kwalina?"

A ɗakin ajiyarsu na same shi, kofin shayi ya bar masa zobe a murfi. Sun cire zanukan Yaya, tunda da su suka yi aiki. Nawa ne suka rage.

A gida na kunna fitilar, na riƙe takardun ina sakin su da babban yatsa. Mama tana ɓacewa tana dawowa, ƙafarta ba ta kai ƙasa, don duk inda za ta taka zanen Yaya ne. Sai a mataki na bakwai. A nan ba nasa ko ɗaya. Ta tsaya cif, kafaɗarta ta sauka, ta gyara kwandon. Na maimaita har gefen takardun ya yi laushi, ina kuka kamar ranar da aka fita da ita.

Wayata ta yi ƙara a gefen gilashin. Yaya. Na kife ta.

Na ɗora sabuwar takarda, na fiƙe fensir. In ban da a mataki na bakwai, ban taɓa zana ƙafarta a ƙasa ba. Na fara da ta hagun, a mataki na farko.