Ƙishirwar 'Yan Ƙwallo

Furofesa ya turo mini takardar ta saman tebur da yatsu biyu, kamar mai ba yaro alewa.

"Ga shi nan, an riga an yi binciken. Ke dai ki ɗora a kai, ki gama digirinki lafiya."

Binciken nasa ne. Ya auna bugun zuciyar 'yan ƙwallon ƙafa mata na jami'armu, ya gwada da na maza, ya zana layuka masu hawa da sauka, ya yanke cewa jikin mace ba ya jure cikakken wasa. Da an dawo daga hutun rabin lokaci sai jiri, sai ɗaurewar tsoka, wata ma har suma. Da wannan takarda kwamitin wasanni zai zauna a ƙarshen wata ya cire ƙungiyar mata daga gasar jami'o'i, wai don lafiyarsu, ya ƙara wa maza lokacinsu na fili. Ni kuma aikina in rubuta yadda matan suke ji da wannan rauni nasu.

Na ce, "Malam, an tambaye su kuwa?"

"An ba su takardar tambayoyi, sun cika. Kuma na'ura ba ta ƙarya."

Irin maganar da ke tayar mini da ciwon kai ke nan a gidan ilimi. Na'ura ba ta ƙarya, na yarda, amma ba ta kuma tambaya. Mutum ya zauna a ƙarƙashin fanka ya yanke wa wasu hukunci, kowa ya gyaɗa kai saboda an sa masa lambobi. Na ɗauki takardar na fita, na sayi takalmin ƙwallo a hanya. Idan zan rubuta gajiyarsu, sai na fara gajiya tare da su.

Filin yana can ƙarshen makaranta. Raga ɗaya ta yage an ɗaure ta da igiya, benci biyu, sai wani ɗan gini mai ƙofa biyu a bayan raga. Kyaftin ɗinsu ce ta tarbe ni, gajeriya mai tabo a ƙwauri, 'yar ajin ƙarshe wadda wannan gasar ce damarta ta ƙarshe. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan biron da na soke a gefen ɗankwali.

"Jama'a, ga Malama Biro ta zo auna mu. Ku yi mata gajiya mai kyau."

Na zo da manyan goruna biyu na ruwa, na kuma sha tun safe yadda littafi ya ce. Bayan zagayen farko na miƙa gora. Babu wadda ta sha. Mai tsaron gidansu, wata doguwa da suke kira Katanga, ta kurkure baki ta tofar.

"Azumi kuke yi ne?"

"Azumin fili," in ji Katanga. "Ba lada, ba buɗe-baki."

Ban gane ba sai da aka ɗan jima ana buga ƙwallo, marata ta cika. Na daure, na sake daurewa, daga baya na matsa kusa da Kyaftin na rage murya.

"Don Allah ina banɗaki?"

Ai kuwa ta dafa gwiwa ta fashe da dariya. "Ta sha! Wallahi ta sha!" Sauran suka taru. Ta nuna mini ginin nan mai ƙofa biyu. "Na maza ga shi can a buɗe, shiga ki gaishe su. Namu kuwa injin yankan ciyawa ne ya kama haya, ga kwaɗo nan. In ba ki so, sai ɗakin kwanan mata, can bayan ɗakin karatu."

Gudun da na yi ranar babu wadda ta yi irinsa a fili. Ina jin Katanga tana ihu a bayana, "Koci, a saka ta a gaba!"

Da na dawo an tashi. Kyaftin tana zaune a benci tana matsa ƙafarta da ta ɗaure, leɓɓanta sun bushe sun yi fari. Dariyar ta ƙare.

"Ranar atisaye muna barin ruwa tun hantsi," in ji ta. "Ranar wasa tun da muka farka. In kin tafi ɗakin kwana, kafin ki dawo Koci ya sa wata a gurbinki. In kina al'ada kuwa, sai ki ce ƙafa ke ciwo ki zauna a ɗaki."

"Ranar da Furofesa ya auna ku fa?"

"Ranar ko shayi ban sha ba. An manna mini wayoyi a ƙirji, ga maza uku tsaye da allon rubutu. In ce musu su kwance ni fitsari nake ji?"

"Me ya hana ku rubuta a takardar tambayoyin?"

"Tambayar cewa ta yi, kina gajiya da wuri, e ko a'a. Na ce e. Ƙarya na yi?"

A gida na tarar da Yaya tana goge farar rigarta ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun ina yarinya nake ganin kofinta na tsere a saman kabad, Inna na zuba allura da zare a ciki. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ta daina gudu ba. Na zayyana mata komai ina zagaye ɗakin.

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. "Ke yanzu kika sani? Mu ma haka muka yi, har ciwon mara ya kwantar da ni, Inna ta ce ya isa. Jiki in ya rasa ruwa dole zuciya ta yi ta bugu, tsoka ta ɗaure. Namiji ma ki hana shi ruwa ki gani."

"To kowa ya sani, amma ba wanda ya rubuta! Shekara da shekaru!"

"Sauke muryarki, autar Inna, ba ni na kulle ƙofar ba." Ta juya rigar. "Kuma in kin je masa da wannan wutar, korar ki zai yi. Mutumin awo ne, ki kai masa awo."

Na yi niyyar bin shawararta, Allah ya sani. Amma da na koma ofis na gama bayani, Furofesa ya cire tabarau ya yi murmushi.

"Wato digirin banɗaki za ki yi?"

"Malam, ƙishirwa kuka auna, ba mata ba."

Na ga digirina yana ɗaga mini hannu daga taga. Sai maganar Yaya ta faɗo mini, na ce:

"A buɗe ƙofar, su sha ruwa mako biyu, a sake awon da na'urarku. Idan layukan ba su canza ba, ni da hannuna zan rubuta cewa kun yi daidai."

Ya mayar da tabarau. Mutum ne mai girman kai, amma girman kan nasa a kan awo yake. Ya ja waya ya kira ofishin wasanni.

Makullin yana wuyan Baba mai kula da fili, a cikin tarin 'yan'uwansa. "An ce in ajiye kaya na kwana biyu," in ji shi yana fama da kwaɗon. "Wanda ya ce ɗin ma ya yi ritaya. Ba wanda ya taɓa ce mini in kwashe."

Muka fito da tsofaffin raga, da buhunan farar ƙasa ta zana layi, da kujera mai ƙafa uku. Katanga ta turo injin waje ta rusuna masa. "Maigida, haya ta ƙare, a nemi wani gidan." Famfon ya yi tari, ya tofo jan ruwa, sannan ya saki fari. Muka wanke wurin har hannu ya yi zafi.

Na ɗauka an gama, ashe buɗe ƙofa ne mai sauƙi. Jikin da ya saba da tsoron ruwa ba ya sakewa a yini ɗaya. Kyaftin takan riƙe gora kamar an ba ta magani mai ɗaci, ta kurɓa kaɗan ta ajiye a ɓoye. Sai na koma 'yar sandar ruwa, ina bin su ɗaki ɗaki da safe. Suka sauya mini suna zuwa Malama Gora. Koci da kansa, bayan ya yi ta ƙunƙuni, ya yarda wadda ta zaga bayan raga ba ta rasa gurbinta ba.

Ranar awo Furofesa ya zo da ɗalibansa da wayoyinsu, aka raba ƙungiyar biyu aka buga cikakken wasa. Da aka busa hutun rabin lokaci, 'yan matan suka yi layi a ƙofar nan suna tura juna, masu wayoyi a ƙirji ma suka ce a kwance su, ba kunya ba tsoro. Na ga Furofesa ya bar allonsa yana kallon layin.

Aka koma. Lokacin da suka saba zubewa ya zo, ni kuma zuciyata ta fi ta kowa bugu a filin. Wata 'yar baya ta dafe cinya ta fita tana ɗingishi, na ce shi ke nan. Amma sauran suna nan. Ana dab da tashi Kyaftin ta karɓi ƙwallo daga tsakiya, ta wuce biyu, ta sheƙa da gudu kamar yanzu aka fara, ta buga wajen raga. Katanga ta ture ƙwallon da yatsu tana ihu, "Ba a gidana ba, 'yar nan!"

Furofesa ya duba na'urarsa, ya sake dubawa. Layukan ba su kai na maza ba, waɗanda ke samun fili kusan kullum, amma ramin nan da ya gina takardarsa a kai ya ɓace.

"Tun yaushe ƙofar nan take kulle?" ya tambayi Baba.

"Tun kafin ka yi furfura, ranka ya daɗe."

Bai ce na yi daidai ba, kuma ban jira ba. Cewa ya yi, "Zan je zaman kwamitin da kaina. Ƙungiyar za ta buga gasa. Ke kuma ki zo da abin da suka faɗa miki, da bakinsu, kada ki gyara musu."

Kyaftin ta iso tana haki, gumi na zuba mata kamar an kwara mata bokiti. Ta fizge gorar daga hannuna ta ɗaga kai ta shanye tas, sannan ta ɗaga mini ƙafarta. Takalmin ya fi ta girma, ta cusa tsumma a gaba.

"Malama Gora, ragowar na maza ake ba mu. Kina da sauran tawada a biron nan?"

Na zare shi daga ɗankwali, na zauna a ciyawa kusa da ita.