Motar Baba Direba a Kan Hawa

Bakanike ya ha'inci maƙwabcinsa Baba Direba, maƙwabcin kuma mara lafiya. Ba wani suna mai daɗi da za a sa wa abin. Ga Bakaniken nan a kujerar baya, ya cika ta shi kaɗai saboda ƙiba, gumi na bin wuyansa, motar tana ruri kamar za ta tsaga kwalta, amma tafiyarta ba ta fi ta mai keke ba. Ba su kai rabin hawan da ke bayan gidan mai ba injin ya fara shaƙewa. Auta, 'yar Baba Direba, ita ke riƙe da sitiyari. Ta taka kuloci ta dawo giya ta biyu. Wata tifa maƙare da yashi ta wuce su, direbanta har da ɗaga musu hannu.

"Faka a gefe," in ji Baba Direba.

Da ƙyar tsohon ya juyo da wuyansa. "Kai, me ka yi wa injin nan?"

"Baba, an taɓa nan, an taɓa can."

"Ina ne nan ɗin, ina ne can ɗin?"

Bakanike ya dubi takalminsa. "Salansar hayaƙi na huda."

"Sai me?"

"Shi ke nan, Baba."

Auta ta kifa kai a sitiyari tana dariya. Tsohon bai yi ba. "Kunnena ne ya yi nauyi, ɗan nan, ba mazaunaina ba. Ƙarfin mota a kujera ake jinsa."

Ga yadda abin ya faro. Likita ya ce zuciyar Baba Direba ta gaji. Ƙafafunsa suka kumbura, Auta ta karɓe makullin mota. Bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, ta kan katangar da ta raba gidansa da garejin Bakanike. Motar nan, lokacin da take sabuwa, a giya ta uku take cinye hawan bayan gidan mai, da iyali cike a ciki. Yana son ya sake jin haka kafin ya tafi. Bakanike ya ce an gama. Da ya koma gareji sai ya yi lissafinsa: tsoho ne, kwana ya ƙare, kunne ya toshe, ƙara kawai za ta faranta masa rai. Ya ɗauki ƙusa da guduma. Ya gaya wa kansa tausayi ne. Lalaci ne, da raina mutum don ya kusa mutuwa.

Washegarin ranar da asirinsa ya tonu, da safe, Bakanike ya shigo gidan da akwatin sifanoni a kafaɗa, ba wanda ya kira shi. Aka fito wa Baba Direba da kujerar roba da matashi, aka ajiye ta a inuwa daidai gaban motar.

"A nan za ka yi aikin, inda idona yake," in ji shi. "Gaya min abin da za ka yi, da Hausar da zan gane."

"Baba, injin nan ba shi da turbo. Ba mai hura masa iska. Abin da ya shaƙa da kansa, shi zai ƙona. To sai mu buɗe masa hanci, mu buɗe masa mafitar hayaƙi, mu sa ya matse abin da ya shaƙa da kyau."

"Ashe ka sani."

"Na sani, Baba."

"Shi ya sa laifinka ya fi girma. Kwance."

Ya kwance kan injin. Baƙin da ya daskare a ciki ya kai kaurin farce. Ya kankare shi, ya goge ramukan iska har suka yi santsi, ya zauna yana murza bawul ɗaya bayan ɗaya tsakanin tafukansa har suka zauna daram. Ya kai kan injin wurin masu injin gyaran ƙarfe aka ɗan aske shi don matsi ya ƙaru. Ya sa sabuwar filtar iska da sababbin fulogai, ya wanke kabureta. Salansar da ya huda ya jefar, ya haɗa bututu mai ɗan faɗi da salansa ta gaskiya.

Inna, matar Baba Direba, ta fito ta tarar da bahon wankinta cike da fetur da ƙusoshi.

"Wa ya ba ka bahona?"

"Baba ne, Inna."

"Da cokalina?"

"Shi ma Baba ne."

Ta juya ga mijinta. "Tunda na zo gidan nan ban ji ka tambayi lafiyar gwiwata yadda kake tambayar lafiyar tsohon ƙarfen nan ba."

"Gwiwarki tana hawa tudu a giya ta uku?"

"Ta hau da 'ya'yanka a baya."

"To kawo ta Bakanike ya huda ta."

Ana dariya, amma Bakanike yana lura. Shayin da ake kawo wa tsohon da safe yanzu rabi yake sha. Yakan fara magana barci ya ɗauke shi a tsakiyar jimla. Rannan Bakanike ya ɗago daga injin ya ga kan tsohon ya langaɓe, sai ya saki sifana a ƙasa. Tsohon ya buɗe ido ɗaya.

"Ban mutu ba. Ɗaure ƙusarka."

Daga ranar Bakanike ya rufe garejinsa gaba ɗaya. Masu motoci suka yi ta zuwa suna komawa.

Ranar da aka tayar da injin, ƙararsa ta fito siririya, ba tari ba kakari. Bakanike ya daidaita taimin, wato lokacin tashin wutar injin, da kunne, yana juyawa kaɗan-kaɗan, tsohon ya ɗora tafinsa a kan bodi yana jin rawar ƙarfen. "Nan," ya ce. Aka ɗaure.

Bakanike da Auta suka tallafi tsohon zuwa kujerar gaba. Auta ta ja, Bakanike a baya. Motar ta kama hawan da kuzari, ta wuce inda ta shaƙe a da, ta wuce allon gidan mai. Saura kaɗan a kai ƙoli ta fara rawar jiki. Auta ta cije leɓe ta dawo giya ta biyu.

Suka juyo suka gangaro ƙasa.

"Baba, a ba ni gobe, in sake duba kabureta."

"Wa ya ba ni goben da zan ba ka? Fitar da safayar taya."

Ya fitar.

"Da jak. Da akwatin sifanoninka."

Ya jera su a gefen titi, ya kama murfin ƙofa zai shiga.

"Ina za ka?" in ji tsohon. "Inji ya yi nasa. Nauyin da ya rage kai ne."

Haka Bakanike ya tsaya a rana, kusa da taya, yana kallon bayan motar. Ba ya buƙatar ido. Idan aka sauya giya, ƙara takan yanke ta sake tashi, ya san wannan tun yana ɗan koyo. Ya kasa kunne. Ƙarar ta miƙe, ta yi nauyi a kusa da ƙoli, ta ja, ta ja, ba ta yanke ba. Motar ta ɓace a bayan tudun, hannun tsohon a waje ta taga yana dukan ƙofa.

Sun daɗe ba su dawo ba. Tsohon cewa ya yi a ci gaba da tafiya tunda ta samu. Bakanike ya zauna a kan tayar yana share fuska da gefen riga, masu wucewa suna tambayarsa ina sauran motar.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Inna ta kawo shayi inuwar nan ta tarar da Baba Direba a kujerarsa, tafinsa a kan bodin motar. Ta kira shi bai amsa ba. Wannan karon bai buɗe ido ba.

Da mutane suka ragu a gidan, Auta ta leƙo gareji.

"Yaya, Baba ya bar maka saƙo. Ya ce ba mai sa wa motar nan sifana sai kai."

Bakanike ya ajiye sifana. "Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Ya kuma ce ba za ka sake shiga cikinta ba."

"Ko gwaji? In na gyara fa, ya zan san ta yi?"

"Na tambaye shi. Ya ce kunnenka lafiya lau yake."

Kullum da safe Auta takan tayar da motar ta fita aiki. Bakanike yakan dakata da abin da yake yi a bayan katanga har ƙarar ta sha kwana. Shi ke mata juyen mai, shi ke ɗaure ta, shi ke wanke mata kabureta. Bai sake zama a cikinta ba.