Sunan Yankan Dada

A garin Sara, in ka tambayi gidan Juwairiyya, kallonka za a yi a ce ba a san ta ba. Amma ka ce Dada mai gonar riɗi, kowa zai nuna maka ƙofa. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, kuma kun san halin mutanenmu, wa zai buɗe baki ya kira sunan mahaifiyar maigida a tsakar gida? Tun tana zanen goyo aka ɓoye sunan. Mijinta ma har ya koma ga Allah bai taɓa furta shi ba. Sau ɗaya sunan ya fita waje, ranar da ta shiga ƙungiyar da ke ba manoma taki bashi su biya da kaka, aka buɗe mata asusu.

Takin nan kuwa shi ke riƙe da gonar. Ƙasar ta gaji, in ba a sa mata ba riɗin ko gwiwa ba ya kaiwa.

Wata safiya tana tankaɗe sai waya ta yi ƙara. Muryar namiji ce, ga ladabi.

"Salamu alaikum. Da Hajiya Juwairiyya Badaru nake magana?"

Sai da ta ajiye rariya. Mutumin ya faɗi takin da ta karɓa bara da lokacin da ta biya, bai kuskure ba. Ya ce ana sabunta rajista, lamba za ta shigo wayarta, ta karanto masa. Ta karanto, har da sa masa albarka.

Maƙwabciyarta Ummussalma ta leƙo ta kan katanga. "Dada, wannan fara'a fa? Ko bazawari aka samu?"

"Ke tafi can, marar kunya. Mutanen taki ne. Sunana na yanka fa ya kira."

"A'a, to wannan na hukuma ne."

Da hadari ya fara haɗuwa aka ce a je Birnin Kudu rabon taki. Tare suka shiga mota da Ummussalma. Malam Ikrima, wakilin ƙungiyar, ya danna sunanta a na'ura, ya sake dannawa.

"Inna, na'ura ta ƙi ki. Wai kin ci bashi ta waya kin ƙi biya."

"Ni? Ɗan nan, dube ni da kyau."

"Na sani, Inna, ba ke kaɗai ba ce. Akwai kamfanin da ke ajiye bayanin duk mai karɓar bashi. Mu da bankuna shi muke tambaya kafin mu ba mutum. To ɓarayi sun kutsa na'urarsu sun kwashe komai. Da shi suke kiran mutane su karɓi lamba, su ci bashi da sunansu."

"To ka goge mana!" in ji Ummussalma. "Ba ga ta a gabanka ba?"

"Wallahi ba ni da iko. Sai su."

"Ina ofishinsu mu je?"

"Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Ya kira musu lambar kamfanin. Wata murya ta yi ta zuba Turanci, sannan kiɗa ya biyo, har kuɗin wayarsa ya ƙare. Ya ce zai kai ƙorafi, amma irin wannan yakan ɗauki watanni.

"Ruwan sama zai jira su?" Dada ta tambaya. Malam Ikrima ya kira na bayanta a layi.

Ta zauna a inuwa tana kallo ana ɗora buhuna a kan babura. Ummussalma ta ce su raba nata. Dada ta dubi buhun, ta tuna bakunan da ke gidan Ummussalma, ta ce a'a.

A mota ne ta yi magana, can ƙasa-ƙasa. "Ubana bai kira sunan nan ba, mijina bai kira ba. Ashe ɓarawo muke ajiye wa."

Ruwa ya sauka a makon. Ta share kashin awaki ta cika kwano, ta kai gona. Bai rufe ko kusurwa ɗaya ba. Tana tsaye a nan wayar ta yi ƙara, wata sabuwar murya, ita ma da ladabinta.

"Hajiya Juwairiyya?"

Dada ta dubi sauran gonar.

"Babu mai wannan suna a nan," ta ce, ta ɗauki kwanonta.