Bil-Bil

Duk unguwar Hammadu Kafi an san Mairamu ba ta kiran sunan 'yarta ta fari. Shekara ashirin da shida sai dai "yarinyar nan", in abin ya matsa ta ce "ke". Haka uwarta ta yi mata a ruga, haka ita ma ta yi wa Bilkis, kuma babu ƙiyayya a ciki ko ƙwayar zarra. Kunyar ɗan fari ce irin ta Fulani: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ko da son sa zai kashe mutum.

Bilkis ta gama karatu, aiki ya ƙi samuwa, sai ta kama haɗa shayi mai sanyi tana ɗurawa a robobi. Na'a-na'a da citta da tsamiya, sai zumar da kawunta Bamanga ke aiko mata daga ƙauye. Ba sukari, ba kala. Mairamu ce ke wanke robobin ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sai ta shanye guda a bayan ƙofar kicin inda ba mai ganinta. Wani babban kanti a cikin gari ya yarda zai sa shayin a firjinsa, amma manajar, Najeeba, ta ce sai ta ji abin da Suhaib zai ce tukuna.

Suhaib ɗin nan wani saurayi ne ɗan unguwar Madaki mai ɗanɗana lemuka a gaban waya yana ba su maki cikin goma. Harshensa ba ya bambance zuma da sukari, amma ya san abin da ke sa mutane dariya, kuma dariyar ce kasuwarsa.

Ran Alhamis da hantsi ya zo gidan. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce ba laifi. Sai ya hango Mairamu a bakin famfo, ya nufe ta da waya da robar shayin.

"Mama, ke ce mahaifiyar madam ko? Please ɗanɗana ki faɗa wa duniya."

Mairamu ta ja mayafi ta kurɓa. Daɗinsa na nan kamar kullum. Amma ga baƙo, ga waya, ga yarinyar nan a tsaye tana kallon bakinta.

"Ruwa ne dai," ta ce, ta ajiye robar.

Kafin la'asar bidiyo ya fita, da rubutu ɓaro-ɓaro a sama: "Uwar da ta haife ta ma ta ce ruwa ne dai. Biyu cikin goma." Kada wani ya ce Suhaib bai san al'adar ba. Kakarsa Bafulatana ce, har ta mutu ba ta kira sunan ubansa ba. Ya sani sarai, shi ya sa ma ya miƙa mata robar.

Najeeba ta aiko da saƙo a dakata. Bilkis ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Tukunyar ranar ta ɗauka ta juye a kwata, ƙamshin na'a-na'a ya cika tsakar gida. Mairamu na zaune tana kallo, kwana biyu ba ta ci abinci ba.

Ran Asabar ta saka mayafinta na zuwa biki ta hau Keke Napep zuwa Madaki. Ta sami Suhaib a ƙofar shagon aski da abokansa.

"Kunna abin naka," ta ce. "Magana zan gyara."

Ya kunna. Ta dubi wayar, ta buɗe baki, sai harshe ya ƙi. Sunan da ta riƙe a ciki shekara ashirin da shida bai san hanyar fita ba.

"Bil... Bil... Bilkis," ta ce da ƙyar. Daga nan magana ta ɓalle. Ta ce 'yarta ce, hannunta na da albarka. Ta ce kunya ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, ita da kullum take shan shayin nan a ɓoye. Ta yi ta faɗa hawaye na zuba a gaban samari sa'o'in 'ya'yanta.

"Mama, kin gama komai," in ji Suhaib. "Wannan sai ya yi trending."

"Useko," ta ce masa, godiyar Fillanci har zuciya, ta koma gida ranta wasai.

Ashe duk Suhaib ya yanke maganar. Daƙiƙa shida ya bari, inda bakinta ke rawa tana cewa "Bil... Bil...", ya ɗora kiɗa a kai, ya sa yana maimaita kansa. Rubutun sama kuwa: "Sunan 'yar ma ba ta sani ba." Ran Litinin masu keke na ganin Bilkis a titi suna danna oda suna kiran Bil-Bil. Najeeba ta ce ta yi haƙuri, kanti ba zai sa abin dariyar gari a firji ba.

Da azahar Bilkis ta shigo, ta tsaya a kan uwarta da waya a hannu, kiɗan na tashi.

"Na faɗi sauran," in ji Mairamu. "Wallahi na faɗi sauran, shi ya cire."

"Dada, tun ina yarinya nake jiran ranar da zan ji sunana a bakinki," in ji Bilkis, muryarta a sanyaye. "A ɗakin nan na so in ji shi, mu biyu. Sai kika ɗauke shi kika kai wa Suhaib ƙofar shagon aski."

Ta juya ta nufi zaure. Mairamu ta miƙe, mayafi ya zame mata.

"Bilkis!"

Wannan karon ya fito daidai, ba gargada. Bilkis ba ta waiwayo ba. Daga bayan katanga wata maƙwabciya ce ta amsa, "Bil-Bil!", mutanen gidanta suka kwashe da dariya.