Yatsa Huɗu a Rigar Ruwan Suwaiba

...kuma ai ba yau ya fara ba. Shekara ashirin da tara ke nan Malam Sharafaddeen yana zaɓa wa jikarsa Suwaiba tufafi, tun daga zanen goyo, bai taɓa kawo mata abin da ya matse ta ba. Yaro a saya masa da yalwa, ya girma a ciki. Mace a saya mata da yalwa, ta sunkuya ta miƙe ba wanda ya ɗaga ido. Haka ya taras, haka ya yi. To don me gabansa yake faɗuwa?

Ga shi zaune a benci, a shagon Isa tela a Laranto, yayyafin Agusta yana taɓa kwano. Ga rigar a kan tebur. Baƙa, mai nauyi, mai warin sabuwar taya. Rigar ruwa, daga wuya har idon sawu, roba ce mai laushi da dogon zif a baya. Isa yana juya ta, yana neman bakin ɗinki.

Akwai abin da ta faɗa masa.

Da safe ne, tana ɗaure igiyar takalmi za ta wurin aiki. Sau uku ta faɗa. "Maigidana, ka ji ko? Maimaita mini." Ya maimaita. Ta yi dariya irin ta jika da kaka, ta ce, "Tsoho, in ka ɓata mini, yau sai ka ba ni takardata." Dariyar tana nan. Takalmin yana nan, ja ne da ratsin fari. Maganar ce babu. Kamar shafin da gara ta cinye tsakiyarsa ta bar masa gefe-gefe...

Shekara talatin da biyar yana koyarwa. Har gobe zai iya jero sunayen barikokin kuza daga Bukuru zuwa Barikin Ladi, ba tuntuɓe. Abin da ya ci da safe fa? Kunu? Ko jiya ne kunun?

Asabar. Jibi ke nan. Gasa mai hawa uku, karonta na farko: a yi iyo a tafki, a fito a hau keke, a sauka a yi gudu. Shekara guda tana shiri, tana tuƙa keke har Kuru ta dawo kafin ya gama lazimi. Keken bai dame shi ba. Gudun ma. Ruwan ne — tsohon ramin kuza ne da ya cika ya zama tafki, shiru, kore-kore, ba wanda ya san gindinsa. Babansa ya haƙa irinsu, da kwanon ƙasa a ka. Yakan ce ruwan kuza biyu ne: na sama mai fara'a, na ƙasa mai kama ƙafa. Sanyinsa ba ya sallama, shiga ƙashi kawai yake yi...

Makon jiya ta gwada shiga da kayan iyonta na kullum. Minti goma. Aka kawo ta gida leɓe ya yi shuɗi, haƙora suna kaɗawa, ya miƙa mata shayi kofin ya kasa tsayawa a hannunta. Wannan bai manta ba. Ina ma shi ya manta, maganar safe ta zauna! Ran nan ta ce sai da rigar roba. In babu ita ba za ta kai tsakiyar tafkin ba, balle ta dawo.

Shi ya ce shi zai zaɓo. Ta yi shiru, ɗan gajeren shiru, irin wanda ta fara yi masa tun ranar da ya fita sayen burodi aka tsinto shi a bakin tasha. Sannan ta ce to.

Kasuwar Katako. Layin 'yan gwanjo, laka har ƙauri. Ejiofor, mai kayan wasanni, ya kwance dila ya zaro guda uku. Ɗaya ba hannu, siririya — a'a, kafaɗa a waje, ga sanyi, ga idon jama'a. Ɗaya ƙatuwa, mai kauri, ta masu nutso a teku, mutum biyu za su shiga su gaisa. Zuciyar Malam can ta tafi. Ya shafa ta, ya ɗaga ta, ya ce wannan. Ejiofor ya girgiza kai, ya ɗauko ta ukun.

"Baba, Anti ya zo nan, na auna shi. Wannan ne nashi. Zai matse, e, haka ake so. Kamar fata. Kada ka ba shi wuri."

Ɗan kasuwa ke nan. Duk abin da bai kai ka ba, sai ya ce haka ake yayi. Malam ya auna ƙugun rigar da ɗani: biyu, ko cika ba su yi ba. Wace mace ce za ta shiga nan ta yi numfashi? A cikin ruwa kuma, inda numfashin shi ne komai?

Amma ba wannan ne ya sosa shi ba. *Anti ya zo nan.* Ashe ta riga ta zo. Ta gwada, ta zaɓa, ta gama, sannan ta aiko shi ya ɗauko, don ya ji kamar... kamar yaron da ake ba tukunyar da ba komai a ciki ya dinga juyawa, a ce shi ma yana girki. Ya karɓi rigar, ya yi godiya. A cikin Keke Napep ya ce wa kansa: bari ta ga tsohon da sauransa. Duk rigar da ya taɓa saya mata, sai da ta bi ta hannun Isa. A ƙara nan, a saki can. Wannan ma.

"Malam, wannan ba ɗinki kaɗai ba ne, har da gam," in ji Isa. "Reza ba ta farka shi. Sai dai almakashi."

Ya ɗaga kai, alamar a yi.

Ƙaran ba irin na yadi ba ne. Yadi yakan yi kuka in an yanka shi. Wannan shiru take rabuwa, kamar hanta a ƙarƙashin wuƙa. Daga hammata... haƙarƙari... ƙugu. Isa ya juya ta, ya kama ɗaya gefen.

Me ta ce? Launi ne? A'a. Ta ce kada ya tsaya hira? Ta ce ya ɗauki laima? Ta riƙe hannunsa ma da tana faɗa, yatsunta da sanyi. Balaraba, matarsa, Allah ya ji ƙanta, ita ce mai riƙe masa magana. Ya ce, "Me aka ce?" ta ce, "An ce kaza." Da ta tafi sai ya gane ashe rabin kansa a kanta yake ajiye. Yanzu Suwaiba ce. In Suwaiba ta shiga ruwan nan ba ta... A'uzu billahi. Ba ya ƙarasa wannan. Bai taɓa ƙarasawa ba.

Rigar sallarta ta farko, ruwan hoda, har ƙasa take ja, tana taka bakinta tana faɗuwa, yana cewa za ki girma, uwargida, za ki girma. Ta girma. Yaushe? Yana rufe ido ya nemo fuskarta ta yau, sai ta shekara tara ta zo, da giɓi a baki...

"Nawa za a ƙara, Malam?"

"Yatsa huɗu. Kowane gefe."

Isa ya jawo baƙin yadi mai talewa, ya ɗora, ya yi dariya. "Yatsa huɗu! To ai ko ruwan ya shigo baƙunci, ya samu wurin zama har ya miƙe ƙafa."

Ruwan ya shigo.

Ruwan...

*Mai yalwa ruwa take sha, Kaka.* Ba Maigidana ta ce ba a karo na uku. Kaka ta ce, kuma ba dariya. *Ruwa kaɗan ne yake shiga, jikina ya ɗumama shi, ya zauna, shi ne bargona. In da yalwa, ko da ƙofa, sabon ruwa ya dinga shiga yana fita yana kwashe mini ɗumi. Komai matsinta, kada a taɓa ta. Kada ka kai wa Baba Isa.*

Har sunan ta faɗa. Ta san shi. Ta san abin da zai yi tun bai san zai yi ba.

Yana so ya ce a tsaya. A tsayar da me? An riga an gama. Ga rigar a buɗe gefe biyu, kamar kifin da aka fafe. Ya miƙe, ya kama bakin yankan da yatsunsa ya haɗa. Sun haɗu. Ya saki. Sun rabu. Allura in ta bi nan, kowane huji ƙofa ce. Suwaiba ta koma Katako? Guda uku ne a dilar, ta gani da idonta. Saura mai kafaɗa a waje da ƙatuwar ta teku. Jibi.

In ya faɗa mata, za ta yi wannan shirun. Za ta ce ba komai, Kaka. Shekara guda na asubanci, ta naɗe ta ajiye, ta kawo masa tuwo. In kuma bai faɗa ba — Isa gwani ne, baƙi a kan baƙi, ɗinki lafiyayye. Ta gani ko kada ta gani. Ko ta gani ta ce ai zai yi, don kada ransa ya ɓaci, ta zuge zif ta shiga. Zai iya ganinta a tsakiyar tafkin, hannu yana rage sauri...

A'a. Faɗa zai yi. Da la'asar za ta biyo ta ɗauke shi. Abin da ya rage masa ke nan a duniya, ya riƙe magana ɗaya daga yanzu zuwa la'asar. Ɗaya tak. Ya koma benci, ya dafe ƙirji da hannu biyu, yana bita a ransa kamar hadda. Mai yalwa ruwa take sha. Kada ki shiga da ita. Mai yalwa ruwa take sha. Ni na sa aka yanka. Mai yalwa...

"Malam? In hau keken ɗinki, ko in dakata?"

Isa yana tsaye da yadi a hannu, yana jira. Yayyafi ya ƙaru a kan kwano. Azahar ma ba a kira ba.

Mai yalwa... ruwa...

La'asar da nisa. Ya Allah, da nisa.