Hannun Hagu a Ajin Burul-eje

Ranar da za a zo daga kwalejin malamai ta garin Narin a duba koyarwar Aisulu, Burul-eje ta fi ta rawar jiki. In darasin ya ɓaci, yarinyar za ta maimaita shekara, ga uwarta ta riga ta shaida wa duk ƙauyensu cewa 'yarta ta zama malama.

Burul-eje, wadda aka damƙa mata Aisulu don horo, tun zamanin Tarayyar Sobiyet take riƙe da alli. A can "eje" ake ce wa malama don girmamawa, malami kuma "agai". A wajenta yaro tulu ne, a cika shi a rufe. Ita kuwa Aisulu an koya mata a bar yaro ya lalubo amsa da kansa. Kullum sai sun yi wannan musu a kan shayi, tsohuwar tana tura mata burodi da man shanu.

"Ci, 'yata. Falsafa ba ta cika ciki."

Ana gobe za a zo, tsohuwar ta yi wa yara huɗuba. "In malamarku ta yi tambaya, kowa ya ɗaga hannu. Wanda ya sani, dama. Wanda bai sani ba, hagu. Ke kuma, Aisulu, masu hannun dama kawai za ki kira."

"Eje, wannan ai maguɗi ne."

"Rufin asiri dai. In kin samu takardarki, kya yi gaskiyarki."

Aisulu ba ta so ba, amma tsoro ya fi ƙarfinta.

Washegari mai dubawa, Toktosun-agai, ya zauna a bayan aji bai ko cire rigar sanyinsa ba. Aisulu ta tambayi abin da ya sa ruwa ke saurin tafasa a kan tsauni. Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. Abinka da mai ruɗewa, ta manta cewa in kana fuskantar mutum damarsa hagunka ce. Ta nuna Sanjar, wani shiru-shiru a kusurwa.

Yaron ya miƙe, ido ya raina fata. "Eje, ai hagu na ɗaga."

Burul-eje ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta.

Aisulu ta ji kamar ta nutse. Amma tunda asiri ya riga ya tonu, me ya rage? Ta je ta tsuguna a gabansa.

"Ba komai. Da bazara kuna hawa tsauni da tumaki?"

"Muna hawa."

"Wa ke dafa nama a can?"

"Kakata. Kullum faɗa take da tukunya, wai tana ta ɓararraka amma nama ya ƙi nuna."

Aka kwashe da dariya. "To me ya sa?" in ji Aisulu. Nan fa musu ya kaure, wannan ya ce kashin shanun da ake hura wuta da shi ne, wannan ya ce tsohuwar tunkiya ce. Sanjar da kansa ya ce ƙila ruwan ne bai kai zafin na gida ba. Daga nan ta ja su sannu a hankali har zuwa nauyin iska, wanda raguwarsa a kan tsauni ke sa ruwa ya tafasa tun bai yi zafi sosai ba.

Da aka tashi, Burul-eje ta tare mai dubawa a bakin ƙofa. "Agai, dabarar hannun nan tawa ce. Kada ka ɗora wa yarinya."

"Na sani, Eje. Ta ci jarrabawa," ya ce, ya wuce yana danne dariya.

Tsohuwar ta juyo, ta shiga kakkaɓe wa Aisulu farin alli daga kafaɗa, har bayan kafaɗar ta fita fes ba ta daina ba.

"Shekara biyu yaron nan yana gabana," ta ce. "Ban san haka yake da baki ba."